Irin Da Ya Faɗi Kan Dutse: Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Ce Game Da Imanin Wutar Kara



Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wata baiwar Allah ta yi a wajen taronmu na wata-wata. Ɗanta yana makarantar 'yan Katolika, kamar 'ya'yan wasu daga cikinmu, Musulmi da Kirista, sai aka ba shi aikin gida a kan wani misali na cikin Linjila da ake kira misalin mai shuka. Yaron ya tambaye ta me ya sa irin da ya riga kowa fitowa shi ne kuma ya riga kowa mutuwa. Ta ce ita dai amsar gona ta sani, domin a gona ta tashi, amma abin da littafin yake nufi ba ta sani ba. Tun da a cikinmu akwai Kirista masu karanta wannan littafi kullum, akwai kuma Musulmi waɗanda 'ya'yansu ke cin karo da shi a makaranta, sai na ga ya kamata a yi bayani, sannan a haɗa da wani abu da ya faru a nan unguwarmu ta Morrisania tun kafin mafi yawanmu su zo ƙasar nan.

Misalin kansa

Misalin ya zo a wurare uku cikin Sabon Alkawari, wato Matiyu sura 13, Markus sura 4, da Luka sura 8. Matiyu da Markus sun ce a bakin tekun Galili ne Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa alaihis salam, ya ba da shi, a ranar da jama'a suka yi yawa har sai da ya shiga kwale-kwale ya zauna yana yi musu magana daga cikin ruwa. Labarin manomi ne da irinsa ya sauka a wuri huɗu. Na kan turba tsuntsaye suka tsince. Na kan dutse ya fito da wuri, rana ta ƙone shi. Na cikin ƙaya ya taso, ƙayar ta danne shi. Na ƙasa mai kyau ne kaɗai ya kai kaka, wani ya ba da riɓi 30, wani 60, wani 100.

Bahaushe na jin wannan zai ce, wane irin manomi ne haka mai zubar da iri a hanya? To a nan akwai bambancin noma. Mu da sungumi muke shuka, babba yana gaba yana sara, yara na biye suna jefa ƙwaya suna rufewa da ƙafa, don haka ƙwaya ba ta zuwa inda ba a kai ta ba. Su kuwa mutanen can alkama da sha'ir suke nomawa, kuma yafa iri suke yi da hannu kamar yadda ake yafa acca, saboda haka dole wani ya tsallake gona. Manomin ba sakarai ba ne, yadda ake shuka a wurinsu ke nan.

Sai maganar dutsen, wadda ita ce jigon wannan rubutu. Ba gona mai tsakuwa ake nufi ba, irin wadda za ka tsince duwatsun ka tara a gefe. Abin da ake nufi shi ne falalen dutse a kwance a ƙarƙashin ƙasa, ƙasar da ke kansa ba ta wuce kaurin tafin hannu ba. Duk wanda ya taɓa noma kusa da fako, ko inda marmara ke kusa da sama, ya san wannan. Idan ka kalli wurin da ido ba ka bambanta shi da sauran gona. Da an yi ruwan fari, wannan 'yar ƙasa ita ke saurin ɗaukar ɗumi, ga kuma ruwa ya kwanta a kan dutsen bai nutse ba, sai ka ga nan ne ya fara yin kore shar, har baƙo ya ce ai nan ne albarkar gonar take. Saiwa kuwa tana sauka sai ta ci karo da dutse, ba inda za ta. Mutanen Daura da Damagaram da Maraɗi sun san abin da ke biyo baya idan ruwa ya ɗauke sati biyu ko uku bayan shuka. Geron da saiwarsa ta nutse zai lanƙwashe da rana ya miƙe da dare, wancan kuwa in ya kwanta ya kwanta ke nan.

A cikin littafin, Yesu da kansa ya fassara wa almajiransa misalin. Irin shi ne maganar Allah, ƙasa kuma ita ce zuciyar mai ji. Mai kan dutse shi ne mutumin da ya ji magana ya karɓe ta nan take da murna, amma ba shi da saiwa, don haka da an matsa masa ko an tsananta masa saboda wannan magana sai ya ja da baya, shi ma nan take. A Girkancin da aka rubuta littafin da shi, kalmar da Matiyu da Markus suka siffanta mutumin da ita tana nufin na ɗan lokaci. Luka kuwa ya ce rashin laima ne ya busar da tsiron, ya kuma kira ranar da lokacin gwaji.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, ba a ce mutumin munafuki ba ne. Linjila tana da kalmar munafuki, kuma an yi amfani da ita sosai a kan wasu mutane a wasu wurare, amma ba a nan ba. Murnar wannan mutum ta gaskiya ce, hawayensa na gaskiya ne, ranar da ya ce ya tuba bai yi ƙarya ba. Shi kansa bai san akwai dutse a ƙarƙashinsa ba. Haka kuma ba a ɗora wa rana laifi ba, domin ranar da ta ƙone shi ita ce ta nunar da hatsin maƙwabcinsa. Wato wahala ba ita ke kawo rashin zurfi ba, tona shi kawai take yi. A ganina wannan ne ya sa misalin ya fi wa'azin tsoratarwa nauyi, domin babu wanda zai ji shi ya ce ai da wancan ake, ba da ni ba.

Ba a wannan misali kaɗai littafin ya taɓo maganar ba. A Tsohon Alkawari, littafin Yusha'u sura 6 ya kamanta ƙaunar da Isra'ilawa ke yi wa Allah da raɓa, wadda hantsi bai gama yi ba ta bushe. A Yahaya sura 6, jama'ar da aka ciyar da gurasa sun so su naɗa Yesu sarki, washegari ya gaya musu a fili cewa don ciki suke binsa, kuma kafin surar ta ƙare da yawa daga cikin almajiran sun koma gida. A Luka sura 14 akwai mutumin da ya kafa harsashin gini bai yi lissafin kuɗi ba, aikin ya tsaya, mutane suna yi masa dariya. Wannan kam ba sai an yi wa ɗan ci-rani bayani ba, kowa ya san kangon da ya tsaya a linta a garinsu.

Amma wanda ya fi kowa ɗaukar hankali shi ne Bitrus, babban almajiri. Ma'anar sunansa a Girkanci dutse ne, kuma kalmar da aka kira wannan ƙasa mai dutse da ita daga tushe ɗaya suka fito, har wasu masana suna ganin Markus da gangan ya haɗa su. Shi ne wanda ya bar tarunsa nan take ya bi, shi ne ya rantse ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, shi ne kuma a daren da aka kama Yesu ya yi musun saninsa har sau uku, ba gaban sarki ba, wata baranya ce ma ta fara tambayarsa a bakin wuta. Duk da haka littafin bai jefar da shi ba, ya dawo ya zama jagora. Har ila yau a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti sura 4 akwai sunaye biyu a ayoyi biyu maƙwabtan juna. Ɗaya Dimas, abokin aikin Bulus wanda son duniya ya janye shi ya tafi abinsa. Ɗayan kuma Markus, wanda a da can ya bar Bulus a tsakiyar tafiya ya koma Urushalima, har Bulus da Barnaba suka rabu saboda shi, amma ga shi yanzu ana cewa a taho da shi domin yana da amfani. Wanda ya fara da kyau ya tafi, wanda ya fara da gudu ya dawo.

Kiristocin farko ba a takarda kawai suka san wannan matsala ba. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Pliny ya rubuta wa sarki Trajan cewa cikin waɗanda aka kawo masa ƙara akwai masu cewa da can su Kirista ne amma sun bari, wasu shekara uku da suka wuce, wasu har ashirin. A shekara ta 250 sarki Decius ya ba da doka kowa ya yi wa allolin Roma hadaya ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar. A birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, bishop Cyprian ya koka cewa mutanensa da yawa ba su ma jira an kama su ba, da ƙafarsu suka je. Da ƙura ta lafa suka dawo suna neman a sake karɓarsu, sai rigima ta tashi. Wasu, ƙarƙashin wani malami a Roma mai suna Novatian, suka ce wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a shekara ta 251 ya yanke cewa a karɓe su bayan sun yi tuba mai tsawo, kuma wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye a coci.

Yankee Stadium da titi na 165

To yanzu mu dawo gida Bronx. Wanda ya hau bas mai lamba Bx6 daga Morrisania ya yi yamma, ba zai daɗe ba zai sauka a Yankee Stadium. A tsohon filin, wanda aka rushe bayan an buɗe sabon a 2009, an yi wani taro ranar 20 ga Yuli 1957 wanda mutum kimanin 100,000 suka halarta, cikin tsananin zafi, har da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Richard Nixon. Ba ƙwallo suka zo kallo ba, wa'azin Billy Graham suka zo ji. Dattawanmu na Kaduna da Jos za su iya tuna sunan, domin ya je can a 1960.

Wannan taro wani yanki ne na babban gangamin da ya fara ranar 15 ga Mayu na wannan shekara a Madison Square Garden. Mako shida aka tsara, amma saboda cikar jama'a aka yi ta ƙarawa har ya kai mako 16, aka rufe ranar 1 ga Satumba. An ƙidaya mahalarta fiye da miliyan 2, ko da yake wanda ya zo sau goma an ƙirga shi sau goma. Tsarin shi ne, a ƙarshen kowane wa'azi ana kiran duk wanda zuciyarsa ta motsa ya taso ya zo gaba, a ba shi kati ya cike, a aika katin zuwa wani coci kusa da gidansa. Fiye da mutum 55,000 suka cike wannan kati.

Tun ana cikin taron wani malamin tauhidi na makarantar Union Theological Seminary da ke Manhattan, Reinhold Niebuhr, ya yi ta suka a jaridu. Abin da ya dame shi shi ne an mayar da addini abu mai sauƙi ƙwarai, kamar da tasowa daga kujera an gama, alhali ga matsaloli irin na wariyar launin fata waɗanda ba sa warwarewa da kati. Da aka bi sawun katunan daga baya, an gano mafi yawan masu cikewa dama suna da cocinsu, kuma yawan membobin coci-cocin birnin bai ƙaru yadda aka yi tsammani ba.

Sai dai a yi adalci. Su Graham sun san da wannan matsala, shi ya sa ma suka kafa tsarin bibiya da horar da masu ba da shawara tun kafin su zo New York. Kuma ba duka ne suka bushe ba. Mawaƙiyar nan baƙar fata Ethel Waters a wannan gangami ta shiga ƙungiyar mawaƙan taron, ta ci gaba da bin su tana waƙa shekara da shekaru, har kusan rasuwarta a 1977. Misalin ma ai bai ce kada a yafa iri ba. Abin da ya ce shi ne ranar fitowar tsiro ba ita ce ranar awo ba.

A daidai wannan lokaci, tafiyar 'yan mintoci daga filin, akwai wani mutum da ya kusa shekara ashirin yana wani irin aiki daban. Sunansa Edler Hawkins, ya gama wannan makaranta ta Union a 1938, a shekarar kuma ya kama aikin fasto a cocin St. Augustine Presbyterian da ke titi na 165 kusa da Prospect Avenue. Lokacin ne baƙaƙen fata daga Harlem da tsibiran Karibiyan suka fara shigowa Morrisania, unguwar da a da Yahudawa da Jamusawa da 'yan Ailan suka fi yawa. Da mutane 'yan tsiraru ya fara. A zamanin akwai wasu kusurwoyin titi a Bronx inda mata baƙaƙen fata ke tsayawa da safe suna jiran matan gida su zo su yi cinikinsu don aikin wanki da shara a kan 'yan kwabbai, abin da 'yan jarida Ella Baker da Marvel Cooke suka fallasa a 1935 suka kira shi kasuwar bayi ta Bronx. Hawkins na cikin waɗanda suka yaƙi wannan abu. Ya buɗe cocin ga yaran unguwa da matasa, ya shiga maganar gidaje da aikin yi, ya zauna a wuri ɗaya sama da shekara 30 har membobi suka haura 1,000. A 1964 aka zaɓe shi shugaban babban taron cocin United Presbyterian na ƙasa baki ɗaya, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Daga baya ya koma koyarwa a Princeton, ya rasu a 1977.

Sannan rana ta fito wa unguwar. A shekarun 1970 gobara ta yi ta cin gidaje a kudancin Bronx, masu gidaje suna gudu suna barin gine-gine, an daina jirgin sama-da-titi na Third Avenue a 1973, an rufe asibitin Morrisania a 1976. Gundumar da ta ƙunshi Morrisania ta tashi daga mutum kimanin 150,000 a 1970 zuwa ƙasa da 60,000 a 1980. A watan Oktoba 1977 shugaba Jimmy Carter ya zo ya tsaya a Charlotte Street yana kallon kufai. Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, wanda gidansa ya ƙone ya kwashe iyalinsa ya bar unguwa ba raunin imani ya nuna ba, hankali ya yi. Abin da nake nufi shi ne, lokacin da shaguna da bankuna da ofisoshi suka watse, cikin 'yan abubuwan da suka rage a tsaye akwai waɗannan majami'u na unguwa da aka gina da mutum ɗaiɗai, mako bayan mako. Su ne suka haɗu a 1987 suka kafa ƙungiyar South Bronx Churches, wadda ta matsa wa hukumar birni har aka gina ɗaruruwan gidaje a filayen da suka zama juji. Unguwar da mu 'yan Afirka ta Yamma muka tarar da ta fara farfaɗowa a shekarun 1990, muka kama haya, muka buɗe masallatai da coci-coci a tsofaffin shaguna, akwai gumin waɗannan mutane a ciki.

A kula, akwai wani cocin St. Augustine na biyu a unguwar, na Katolika, a titi na 167, wanda aka kafa tun 1849. Shi kam an rushe gininsa a shekarun 2010 an yi gidajen haya masu rahusa a wurin. Daɗewa ma ba ta ba da tabbaci.

Wani abu kuma da yawancinmu muka gani da idonmu shi ne abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001. Wuraren ibada sun cika maƙil a makonnin farko. Cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta samu kashi 47 cikin 100 na Amurkawa suna cewa sun je wurin ibada a wannan mako a ƙarshen Satumba, alhali a watan Mayu kashi 41 ne. Zuwa Nuwamba ya koma 42. Wata biyu ke nan. Ba wanda zai ce tsoron da mutane suka ji ko addu'ar da suka yi na ƙarya ne.

Mu kuma fa?

'Yan uwa Musulmi da suka biyo ni har nan na san tuni wasu ayoyi sun faɗo musu a rai. A Suratul Baƙara aya ta 264 akwai misalin falalen dutse da 'yar ƙasa a kansa, wanda mamakon ruwa ya wanke ya bar shi fayau, sai dai can maganar mai sadaka don a gani ake yi, wato riya. Wadda ta fi kusa da abin da muke magana a kai ita ce Suratul Hajji aya ta 11, game da mai bauta wa Allah a gefe-gefe, in alheri ya same shi ya natsu, in jarrabawa ta zo ya juya. Ga kuma hadisin da kowa ya sani na cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ba ina cewa addinan biyu abu ɗaya suke koyarwa ba, kowa ya san inda suka rabu. Amma wannan hali na ɗan Adam duka sun gan shi, Bahaushe kuma ya ba shi suna tuntuni, wutar kara.

Mun san ta a nan. Masallaci ba masaka tsinke a goman farko na azumi, bayan salla da mako biyu sahun asuba bai cika ɗaya ba. Coci ya cika a daren 31 ga Disamba, kowa ya ɗauki alkawari, ran Lahadin farko da ƙanƙara ta zuba a Fabrairu sai kujeru. Mutum yana jiran takardun zama, ba ya barin tsayuwar dare ko taron addu'a, takardu na fitowa sai ya kama aiki biyu. Wannan na ƙarshe a gaskiya ya fi kama da na cikin ƙaya, wanda misalin ya ce hidimomin duniya da ruɗin dukiya ne ke shaƙe shi, kuma ina jin ƙaya ta fi dutse cin mutanenmu a ƙasar nan. Amma wannan maganar wata rana ce.

Inda dutse ya fi ba ni tsoro shi ne wajen 'ya'yanmu. A gida ƙasar tana da zurfi ba da ƙoƙarinmu ba. Ladan yana kunnenka ko ba ka so, kaka tana tsakar gida, ga makarantar allo, ga Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa ga wanda ya tashi a coci, ga maƙwabcin da zai tambayi babanka lafiya bai gan ka jiya ba. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sanin ko saiwarmu ce ke riƙe da mu ko jama'a ba, sai da muka sauka a filin jirgin Kennedy. Yaron da aka haifa a nan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uba yana tuƙin tasi da dare, uwa tana aikin kula da tsofaffi ko kitso har yamma, addinin da yake samu na awa biyu ne ran Asabar ko Lahadi, sau da yawa ma cikin harshen da bai gama ji ba. Sai wata rana ya je taron matasa na kwana uku, ko ya ci karo da wani mai wa'azi a intanet, ya dawo ya canza gaba ɗaya, har yana gyara wa iyayensa. Iyaye su yi ta murna suna buga waya gida. Bayan wata shida ya shiga kwaleji, aka yi masa tambaya ɗaya da ba shi da amsarta, ko abokai suka yi masa dariya, shi ke nan.

Kuskure biyu nake gani muna yi. Wasu su ɗauka an gama, yaro ya shiryu, su saki jiki. Wasu kuma su yi ta yi masa ba'a tun yana cikin ɗokin, suna cewa za mu ga iya gudun ruwanka, ranar da ya yi sanyi kuma su ce ai dama mun faɗa. Na biyun ya fi muni, domin yaron zai ɗauka abin da ya ji a ransa ƙarya ne tun farko, kunya kuma ta hana shi dawowa. Da haka aka yi wa Bitrus da Markus da ba a sake jin labarinsu ba. Ɗokin nan lokaci ne da ƙofa take buɗe, kuma ba ta daɗewa. A lokacin ne ya kamata a haɗa shi da babban mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa nemansa, a ba shi wani ƙaramin aiki na kullum wanda bai fi ƙarfinsa ba, a bar shi ya yi tambayoyinsa masu zafi a gida kafin a yi masa su a waje.

Ga Kiristocinmu masu son 'ya'yansu su ji wannan misali da harshen gida, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, akasarinsa aikin Dakta Walter Miller ne wanda ya zauna a Zariya daga 1905, an kuma yi sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Shi kansa Miller ya yi shekaru da yawa bai tara mabiyan kirki ba in ana maganar yawa, amma daga wannan 'yar jama'a da ta koma Wusasa aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ita kuwa baiwar Allah da ta yi tambaya, na ce mata tun da yaron bai taɓa ganin gona ba, ta samo faranti da babban gwangwanin tumatir, ta zuba ƙasa 'yar kaɗan a farantin, ta cika gwangwanin, su shuka wake a duka biyun su ajiye a tagar da rana ke bugawa. Su yi ban ruwa kwana goma, sannan su daina, shi kuma ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace safiya kafin ya tafi makaranta.